Muhawara: A kafe wa kowace hidima lambarta, ko a bar Linux ya raba?

Injiniya Bashir, Wuse: Matsayina ɗaya ne. Duk hidimar da ke aiki a bayan fage, a kafe mata lambar UID guda, wato lambar da Linux ke gane asusu da ita, a kan dukkan sabobin ofis. Idan ka bar `adduser --system`, umarnin buɗe wa hidima asusu, ya zaɓa, lambar da ya tarar babu kowa tsakanin 100 da 999 ita zai ɗauka. Sai postgres, hidimar rumbun bayanai, ta zama 113 a wannan saba, 117 a waccan. Ranar da ka cire faifai ka kai wata na'urar, ko ka raba shi ta NFS na 3, tsarin raba fayiloli tsakanin na'urori, lamba kawai ake dubawa, fayilolin sai su koma hannun wata hidima.

Hajiya Rabi, Garki: Injiniya, ka faɗaɗa abin da yawa. Manhajojin adanawa da kwafar fayiloli, tar da rsync, da sunan asusu suke daidaitawa, sai in kai ka sa `--numeric-owner` ko `--numeric-ids`. Kuma lambobin kafewa ba su da yawa: Linux na Debian ya keɓe 0 zuwa 99 ne, shi ya sa www-data, asusun hidimar gidan yanar gizo, yake 33 a kowace Debian. A Linux na Red Hat kuwa sunan asusun apache, lambarsa 48. To ta wa za ka bi?

Auwal, Kubwa: Ranku ya daɗe, me zai hana a jibge su duka a kan asusun nobody a huta?

Injiniya Bashir: Kul, ƙanena! 65534 ke nan, inda NFS ke mayar da root, asusun mai cikakken iko. Hidimomin da suka haɗa asusu, kowace na iya karanta fayilolin 'yar'uwarta, ta kuma kashe ta. An fasa ɗaya, an fasa duka.

Hajiya Rabi: A nan bakinmu ɗaya. Amma ga ƙaramar hidima `DynamicUser=yes` na systemd, mai kula da hidimomi, ya wadatar: yana ara mata lamba tsakanin 61184 da 65519, ya karɓe idan ta tsaya, bayananta kuma suna ƙarƙashin /var/lib/private.

Injiniya Bashir: Ƙarama dai, Hajiya. Idan lambar ta canza, systemd na iya bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya yana sauya mai su. Rumbun bayanai mai miliyoyin fayiloli zai daɗe bai tashi ba.

Hajiya Rabi: Irin wannan kam a rubuta lambar a cikin sysusers.d, inda systemd ke karanta bayanan asusun hidimomi, a ba asusun nologin don kada a iya shiga da shi. Kuma in an cire manhajar a kulle asusun kawai, kar a goge, don lambar da aka saki wata sabuwar hidima za ta gada har da tsofaffin fayilolin. Auwal, gwada `find / -nouser` a sabarka ka ga fayilolin da ba su da mai su.