Tambaya: "push" da Faransanci

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Ina koyon Faransanci saboda abokan cinikina na Maraɗi. Duk inda Ingilishi ya ce "push", sai in ce "pousser"?

Malam na Damagaram: Wa alaikumus salam, Alhaji. A jikin ƙofa haka ne, "poussez" za ka gani. Amma danna maɓalli "appuyer" ne. Atisayen sojoji kuwa, "push-ups", mu nan "pompes" muke cewa.

Hajiyar Yamai: Yaya, idan mai saye ya matsa maka da neman ragi, ce masa "faut pas pousser", wato "don't push it", kar ya wuce gona da iri. Amma ka faɗa da murmushi, tana da ɗan kaifi.

Ɗan Kwari: Madalla, ita nake nema!