Ɗora tambari da sunan malami a kan bidiyon kai tsaye: abin da kowa ya gani

Daga Garko:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni nake haska tafsirin azumi na masallacin Juma'ar garinmu a Facebook, da manhajar OBS a kan wata tsohuwar kwamfuta. Bana na sa wani ƙanena da yake karatu a birni ya zana mini tambari da sunan malam, waɗanda za su zauna a ƙasan allo ana hango abin da ke bayansu. A wayarsa zanen ya fito tsaf, amma da na ɗora shi daren farko sai ga wani farin akwati ya rufe hannun malam da Alƙur'anin da ke gaban alaramma, har masu kallo suka yi ta rubuto mini cewa in cire akwatin. Wanda ya taɓa cin karo da wannan ya taimaka da bayani.

Daga Ɓaɓura:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina kyautata zaton ta WhatsApp ya turo maka, domin abin da ya same ni ke nan a wata walimar saukar karatu. Hoton PNG, wato nau'in fayil ɗin da aka saba ajiye irin wannan zane a cikinsa, ban da launukan ja da kore da shuɗi, yana ɗauke da wani bayani na huɗu da ake kira alfa, wanda shi yake nuna inda za a gani da inda za a bari fili. JPEG ba shi da wannan, kuma idan aka tura zane a matsayin hoto, WhatsApp yana matse shi ya mayar da shi JPEG, sai filin ya cike da fari ko baƙi. Ka ce ya sake turowa a matsayin dokumen, ko ya kawo a filashi.

Daga Rano:
Gaskiya ne, sai dai ni wahalata a kan rubutu mai motsi na sha ta, kuma ta fi wannan cin rai. Bidiyon MP4 da yawancinmu muke fitarwa ba ya riƙe alfa ko kaɗan, komai kyan aikin da aka yi. Na koma wani nau'in fayil ɗin bidiyo mai riƙe alfa, MOV na ProRes 4444, filin ya fito yadda ake so, amma fayil ɗin ya yi nauyin da kwamfutata ta riƙa sarƙewa, fankarta tana kuka kamar injin markaɗe, ga zafin rumfar biki. Daga baya na juya shi zuwa wani nau'in kuma, WebM mai VP9, wanda ba shi da nauyi. Nan ma sai da na kwana biyu ina ganin baƙin bango kafin na gano cewa akwai wani ɗan akwati a OBS da ke miƙa karanta bidiyon ga katin hoto, kuma da na cire alamar da ke kansa nan take baƙin ya ɓace.

Daga Ringim:
Mu da muke aiki da ATEM Mini, wato na'urar haɗa bidiyon kyamarori da na kwamfuta, lamarinmu daban ne, saboda wayar HDMI ba ta ɗauko alfa daga kwamfuta. Da farko muna sa rubutun a kan koren bango na'urar ta cire koren, har ranar wani taron manoma da tambarin masu taron ya zo da ganyen shinkafa, na'urar ta cinye ganyen tare da bangon, aka bar zangarniya tana reto a sama. Yanzu duk abin da ba ya motsi muna loda shi cikin ma'ajiyar na'urar tun a gida, tunda tana ɗaukar hotuna 20.

Daga Garko:
Allah ya saka da alheri. Malam na Ɓaɓura ya canka daidai, domin da yaron ya turo a dokumen akwatin ya tafi, jiya kuma aka ga hannun malam sarai. Saura wani siririn baƙin zare da ya kewaye haruffan, wanda yake fitowa sosai idan suka hau kan farar babbar rigarsa.

Daga Ringim:
Wannan zaren saɓani ne tsakanin yadda aka ajiye gefen haruffan da yadda ake karanta shi, wato an gauraya gefen da baƙi tun wajen fitarwa. Ka ce wa ƙanen naka ya sake fitar da zanen ba tare da gaurayawar ba, sannan ka gwada shi a kan farin ƙyalle da rana, kafin jama'a su taru.