Kariyar baya ko kwandon gaba? Ina ɗaukar piya wata da ƙwai, sifok yana ta karyewa

Dan_Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu keke da masu gyara. Ina raba piya wata da ƙwai ga ƙananan shaguna daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba a nan Kumasi. Keken na hannu ne, mai giya, taya inci 26, da kariyar alminiyam a baya wadda na same ta a jikinsa. In na ɗora jaka uku na ruwa na aza kiret ɗin ƙwai a sama, sai kan keken ya riƙa rawa, sifok na baya kuma yana karyewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun ce in je Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda, a ƙera mini kariya ta rodi, wasu sun ce in sa kwando a gaba in raba kayan. Kuɗin aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, bai samu ba tukuna. Wanne ya fi? In kuma ƙerawa za a yi, me zan ce wa mai walda?

Baba_Mai_Keke_Asawase

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka je wurin mai walda, zauna ka yi lissafi. Jakar piya wata guda 30 ne a ciki, kowanne rabin lita, wato lita 15, kilo 15 ke nan. Jaka uku kilo 45. Kiret ɗin ƙwai 30 yana kusan kilo 2, biyar sun kusa kilo 10. To duba saman kariyarka ko ƙarƙashinta, yawancinsu an buga musu iyakar nauyi a jiki, kuma irin ta alminiyam ɗin nan galibi kilo 25 ne. Kana ɗora mata ninki biyu.

Amma ba kariyar ce za ta fara kasawa ba, wilin baya ne. Ko babu kaya, fiye da rabin nauyinka a kansa yake. Sifok ba ya karyewa don an danne shi sau ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne, duk juyin da taya ta yi, sifok ɗin da ke ƙasa yana ɗan sakewa sannan ya sake ɗaurewa. In nauyi ya yi yawa ko ɗaurin bai kai ba, sakewar tana yawa, ƙarfen ya gaji a gwiwarsa inda ya lanƙwasa ya shiga hob, wato cibiyar wili, ya ɓalle a nan. Duba waɗanda suka karye, za ka ga yawancinsu a gwiwa ne, kuma a gefen sarƙa. Da ɗaya ya tafi, na kusa da shi sun ɗauki aikinsa. Shi ya sa canza su ɗai-ɗai ɓarnar kuɗi ne: in uku ko huɗu sun karye a wili ɗaya, sauran ma sun gaji, a kwance wilin a sake ɗaure shi duka.

Abin da za ka nema: wili mai sifok 36, ba 32 ba. Ƙirga su da kanka. Sifok na yau da kullum lamba 14 ne, kaurinsa milimita 2. Lamba 13 ya fi shi kauri, milimita 2.3, kuma yana shiga ramin yawancin hob. Lamba 12 sai an buɗe ramuka, ban ba ka shawarar haka a hob ɗin alminiyam ba. Rim mai bango biyu ya fi mai bango ɗaya jure rami. Bayan an ɗaure, matsa sifok biyu-biyu da hannu zagaye wilin, duk su yi tauri kusan daidai a kowane gefe. Ka koma a sake duba ɗaurin bayan mako guda na aiki.

Sai aksil. In kekenka mai firiwil ne irin wanda ake murɗawa a jikin hob, boris na gefen sarƙa yana can ciki nesa da firam, don haka aksil yana lanƙwashewa a wannan gefen in kaya sun yi nauyi. Cire wilin ka juya aksil da yatsa: in bakinsa yana lilo, ya lanƙwashe. Sa aksil mara rami a ciki, mai noti, wanda sifana 15 take kamawa. Boris na baya tara-tara ne kowane gefe, masu kwatan inci, a cika su da giris.

Iska kuma karanta gefen taya, an rubuta mafi ƙaranci da mafi yawa. Ta baya ka kai ta kusa da mafi yawan. In taya ta yi laushi ka hau bakin gota ko tudun rage gudu da kaya, rim zai tsunkule tiyub, ka ga huji biyu kusa da juna. Wannan ba ƙusa ba ce, rashin iska ne. Ka dai tsaya a kan mai faci lokacin da yake ba ta iska da injin mota, don tayar keke tana cika cikin ƙiftawar ido.

Usta_Magazine

Baba ya gama maganar wili, ba ni da abin ƙarawa. Ni ta ƙira zan yi.

Rawar da kan keke yake yi ba rashin ƙarfin kariya kaɗai ba ne. Abu biyu ne: kayan sun yi sama da yawa, kuma sun zarce aksil ɗin baya. Duk abin da ya zarce aksil yana ɗaga tayar gaba, ta rasa riƙon ƙasa, a hawa kuwa sai ka ji kan yana neman tashi. Kumasi ba shimfiɗaɗɗen gari ba ne, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne. In aka ƙera maka doguwar kariya mai ƙarfi wadda ta miƙe baya, sai ka ƙara kaya, rawar ta ƙaru.

Ga abin da za ka ce wa mai walda. Kada ya yi da rodin gini. Rodi milimita 12 mita ɗaya yana kusan gram 900, kariya mai gefe biyu tana cin mita biyar, ka ga sama da kilo 4 kafin ka ɗora komai. Bututun ƙarfe milimita 16 mai kaurin bango 1.2 rabin wannan nauyin ne, kuma ya fi rodin wuyar lanƙwasawa. A nemi baƙin bututu, ba mai farin shafe irin na famfo ba, hayaƙin waldarsa yana cutar da ƙirji.

Saman kariya ya zauna yatsu biyu ko uku a kan madigadi, kada ya fi haka, kuma a kwance daidai ko ya ɗan karkata gaba kaɗan. Kowane gefe ƙafa biyu ko uku su sauko daga saman su haɗu a ƙasa wurin aksil, su yi kusurwa uku. Ƙafa ɗaya tilo kowane gefe ita ce take sa kariya lilo. Gaba kuma a kama ta da hannu biyu gajeru a jikin firam ƙarƙashin sirdi, ba siririn ƙarfe ɗaya a notin birki ba.

Mafi amfani a gare ka shi ne a yi mata kanta biyu a gefe, dama da hagu, dab da tsayin aksil, kowace ta ɗauki jaka ɗaya. Ta ukun ta hau sama, a tura ta gaba har ta kusa taɓa sirdi. Kilo 30 ya sauko ƙasa ke nan, kuma ya rabu daidai. Kafin ya yanke ƙarfe, hau keken da takalmin da kake aiki da shi, mayar da feda baya, a auna inda dugaduginka ya kai, a ƙara yatsu uku, daga nan kantar za ta fara. A rufe gefen da ke fuskantar taya da ragar waya ko falanki, don ledar ruwa tana kumbura ta shiga sifok. Faɗin duka kada ya wuce faɗin sitiyari sosai, in ba haka ba tsakanin trotro (ƙananan bas na haya) da pragya (babur mai ƙafa uku na fasinja) a hanyar kasuwar Kejetia za ka sha wuya.

Kada ka yarda a walda kariya a jikin firam. Sa maganaɗisu: in bai kama ba alminiyam ne, waldar lantarki ta bakin hanya ba ta yi masa. In ya kama ma, bangon bututun keke siriri ne ƙwarai, wuta tana huda shi, daga baya ya tsage a gefen waldar. Da noti ake ɗaurawa. Ga kaya masu nauyi ni na fi son a yi wa ƙafafun faranti mai kaurin milimita 3 da rami milimita 10, ya shiga aksil a danne shi da notin wili, yadda kariyar keken Phoenix take. A tabbata zaren aksil ya isa noti ya shige duka.

Hajiya_Mai_Kwai

Sannunku da ƙoƙari. Maganar ƙwai ce ba a taɓa ba. Kada ka aza kiret a kan jakar ruwa, ɗana. Jakar ba ta da tsayayyen baya, tana motsi, kiret ɗin takarda yana lanƙwashewa, in leda ɗaya ta fashe kuma takardar ta jiƙe ta narke. Ƙwai nasu wuri daban, a kan abu mai tauri.

Gaba ya fi musu, don idonka yana kai. Amma ba kwandon waya da ake rataya a sitiyari ba, wannan na kilo 5 ne ko ƙasa. Ana so ƙaramar kariya ta gaba mai ƙafafu zuwa aksil, da falanki a kai wanda ya ɗan fi kiret faɗi, kiret kuwa kusan santimita 30 ne kowane gefe. Shimfiɗa soson katifa mai kaurin yatsu biyu a ƙasa. Ƙwai tsininsu ƙasa. Kowane kiret ka juya shi kwata kafin ka ɗora a kan na ƙasa, don ƙafafun takardar su zauna a kan juna ba a kan ƙwai ba. Na sama a kife masa kiret mara komai, a ɗaure duka da igiya gicciye kafin a ɗaure a keke. Huɗu ko biyar ya isa, kada ya tsere wa sitiyari tsayi.

Wannan kilo 8 zuwa 10 a gaba ma zai danne tayar gaba, rawar ta ragu.

Baba_Mai_Keke_Asawase

Hajiya ta faɗi daidai. Sai dai a kula da wayoyin birki da na giya, kariyar gaba tana danne su ko ta karya su a inda suka fito daga hannu. Bayan an ɗaura, juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe ka ja birki, ka ga ko yana komawa da kansa.

Usta, a maganar ɗaurawa a aksil ban bi ka duka ba. Ƙarfi kam akwai, amma duk ranar da za a cire wilin baya sai an sauke kaya an buɗe ƙafafun kariya, kuma in farantin ya yi santsi wili yana zamewa gaba ta gefen sarƙa. In firam yana da ƙananan ramuka masu zare a saman inda aksil yake shiga, su aka yi domin kariya. Ƙusa mai zare milimita 5 suke ci. Ta ƙarfe mai kyau, da wosha, ta gefen sarƙa kuma kada ta yi tsawo ta leƙo ciki, za ta taɓa sarƙa in sarƙar ta koma kan mafi ƙanƙantar faifan giya na baya. Yawancin waɗanda suke gutsurewa sakewa suka fara yi, kariya ta riƙa bugunsu. A taɓa su da makulli kowace Juma'a.

Usta_Magazine

Baba, a kilo 25 na yarda da kai. A kilo 45 kan titin Sawaba, ƙusa biyu 'yan milimita 5 ban amince musu ba, kuma in zaren ramin alminiyam ya cinye shi ke nan. Zamewar wili kuwa wosha mai haƙora tsakanin faranti da firam tana maganinta.

Dan_Aboabo

Na gode ƙwarai Baba, Usta, Hajiya, Allah ya saka. Na duba: maganaɗisu ya kama firam, sifok 32 ne, babu ramukan kariya a sama kusa da sirdi, kuma fok ɗin gaba, wato ƙafafun da suke riƙe tayar gaba, mai sifirin ne. Zai karɓi kariyar gaba? Sannan wani lokaci ana aiko ni da galan Kufuor na ruwa, wato babbar jarkar roba mai ruwan ɗorawa, shi fa?

Usta_Magazine

Fok mai sifirin yana shiga yana fita, don haka kariyar da aka kama ta sama a wuyan keke kuma ƙafafunta suna aksil za ta hana shi motsi, ƙarshe ita ce za ta karye. Canza shi da sandararren fok na ƙarfe, na inci 26, mai wurin birki irin naka. Tafi da tsohon a gwada tsawo da kaurin wuyan. A keken kaya wannan sifirin nauyi ne kawai.

Rashin ramuka a sama ba matsala ba ne. A lanƙwasa siririn faranti ya zagaye bututun firam, a sa yankin tsohon tiyub a ciki don kada ya ci fenti ko ya zame, a ɗaure da noti.

Galan mai lita 25 kilo 25 ne da ɗoriya, ɗaya a gefe ɗaya zai ja ka ƙasa. Ko biyu, ɗaya kowane gefe ba komai a sama, ko ɗaya a kwance a saman kariya murfin yana sama. Kuma a cika shi fal. Rabin galan ya fi cikakke haɗari, ruwan yana kai da kawowa a ciki, a kwana sai ya tura ka.

Baba_Mai_Keke_Asawase

Saura birki da ɗauri. Kai da keke da kaya kun haura kilo 130, robar birkin da ta cinye ba za ta tsayar da wannan a gangara ba. Sa sababbi gaba da baya, ka riƙa kama su tare, kana rage gudu tun kafin gangarar ta ɗauke ka. Lokacin ruwa, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma wajen Satumba da Oktoba, rim yana jiƙewa, birki ba ya kamawa sai taya ta yi 'yan juyi ta share ruwan. Rim na alminiyam ya fi na ƙarfe mai ƙyalli kamawa a jiƙe nesa ba kusa ba, don haka in za ka sayi wilin 36, ka lura kada a ba ka na ƙarfe. A hawa kuma sauya giya tun kana ƙasa, sauyawa kana danna feda da ƙarfi shi ke tsinka sarƙa.

Ɗauri da tsohon tiyub ɗin mota da aka yanka faɗin yatsu biyu ya fi robar kanti mai ƙugiya, wadda in ta kuɓuce ido take nema. Kowace jaka ɗauri biyu, a soke bakin robar kada ya yi reto kusa da sifok. Ka sa sitan mai ƙafa biyu a tsakiya, mai ƙafa ɗaya ba ya riƙe keke da kaya. In kana lodi fara da gefe biyun, sannan sama, ƙwai a ƙarshe. Wajen saukewa ƙwai ne farko. Fitilar baya ko abin ƙyalli a mayar da shi ƙarshen kariya, don jakar sama tana rufe wanda ke ƙarƙashin sirdi.