Neman shawara: lissafin kaso da na kusurwa sun tsaya wa ƙanina

Assalamu alaikum. Ƙanina yana aji 3 na ƙaramar sakandare a nan Argungu, jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare ta matso, tambayoyi biyu sun hana shi sakat. Ta farko: buhun shinkafa ₦50,000, aka ƙara masa kashi 20 cikin ɗari, daga baya aka rage kashi 20. Shi ya ce kuɗin ya koma ₦50,000, littafi ya ce ₦48,000. Ta biyu: gona mai kusurwa huɗu daidaitattu, tsawo mita 40, faɗi mita 30, a nemo nisan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta. Ya tara ya samu 70, littafi ya ce 50. Ta ina zan ɓullo masa?

Malamin lissafi, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Littafin ne da gaskiya. Ki koya masa ya riƙa tambayar kansa: kashi 20 na me? Na farko na 50,000 ne, wato 10,000, buhu ya kai 60,000. Ragin kuwa daga 60,000 aka cire shi, wato 12,000, saura 48,000. Nan yara suka fi faɗuwa, har da 'yan babbar sakandare. Ta gonar kuma ƙa'idar Pythagoras ce, wato tsawo sau kansa a tara da faɗi sau kansa, jimlar ita ce nisan ratsen sau kansa: 40 sau 40 1,600, 30 sau 30 900, jimla 2,500. Wace lamba ce sau kanta ke ba da 2,500? 50.

Magini, Jega: Malam ya gama magana. Mu da igiya muke yin wannan in za mu fitar da kwanar ɗaki: 3 nan, 4 can, tsakani ya zama 5, in ba haka ba ginin ya karkace. Hajiya, ki fitar da shi tsakar gida ya auna da kansa. 70 ɗin da ya samu, na wanda ya bi gefen gona ne. Mai ratse ai ba ya yin wannan nisan.

Ɗaliba, jami'ar Aliero: Anti, akwai gajeriyar hanya: ƙarin kashi 20 shi ne sau 1.2, ragin kashi 20 kuma sau 0.8; 1.2 sau 0.8 ya ba da 0.96, kenan an yi asarar kashi 4.

Malamin lissafi: Haka ne, ɗiyata, amma kada a fara masa da ita. Ya iya doguwar tukuna, don a tambayoyin da ake rubuta aiki, kowane mataki yana da makinsa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Malam, in an fara da ragin fa, sannan ƙari?

Malamin lissafi: 40,000, sannan a ƙara 8,000. Nan ma 48,000 ne. Ki bar shi ya gano dalili da kansa.