Muhawara: motar sifot yadda ta fito daga kamfani, birkinta zai jure ranar tirak?

Abba Lesta: Salam 'yan uwa. Na biya kuɗin ranar tirak a Donington Park da ke Ingila wata mai zuwa, irin ranar nan da ake buɗe filin tsere kowa ya shigo da motarsa ta gida ya yi ta zagaye, ba gasa ba ce. Motata salun ce mai ƙofa huɗu amma ta sifot, 'yar Jamus, shekararta 4. Wani abokin aikina ya dame ni wai sai na canza man birki da fad, wato abin da ke matse faifan birki idan an taka, kafin na je. Ni dai ban yarda ba wlh, motar da kamfani ya gwada irinta a Nürburgring, filin tseren Jamus mai kilomita 20.8 da kwana sama da 70, ita ce za ta gaza a ɗan filin da bai wuce kilomita 4 ba? Ni a ganina 'yan kasuwa ne kawai ke son sayar da kayansu.

Injiniya Bashir: Wa alaikumussalam. Abba ɗan ƙaramin filin shi ne matsalar ai. A Nürburgring akwai wurare masu tsawo da birki ke samun iska ya huce, kuma masu gwajin ƙwararru ne da sabuwar mota da sabon man birki. A ƙaramin fili kuwa kafin faifan birki ya sauke zafin kwanar baya ka iso wata kwanar, kowane zagaye zafi yana hawa kan na baya.

Abba Lesta: Amma Injiniya na sha taka birki da ƙarfi a babban titi, ko gezau ba ta taɓa yi ba.

Injiniya Bashir: Sau ɗaya kenan, sai ka yi tafiyar minti goma baka sake takawa ba. Bari na baka lissafi. Duk gudun da mota ke yi idan ka taka birki zafi yake komawa, kuma idan gudu ya ninka biyu zafin ninki huɗu yake yi. Mota mai kilo 1,700 ka sauko da ita daga gudun kilomita 200 a awa zuwa 80, zafin da za ta zuba wa birki ya fi ninki uku na tsayawa cak daga gudun 100, ya isa ya tafasa ruwa wajen lita 7. To a tirak haka zaka dinga yi kusan kowane zagaye, banda ƙananan takun da ke tsakani, na tsawon minti 15 ko 20 ba hutu.

Nura Kd: Ni fa ina bayan Abba a nan. Lissafin Injiniya na wanda ya iya ne. Mutumin da zai shiga karon farko tsoro ma ba zai barshi ya kai gudun da zai ƙona birki ba, ana yawan tsorata sababbi har su fasa zuwa gaba ɗaya. Mutane nawa ne ke zuwa da motocinsu yadda suke su dawo gida lafiya?

Usman Dubai: Malam Nura sabon shiga ma ya fi wahalar da birki. Wanda ya iya yana takawa da ƙarfi na ɗan lokaci ya saki, shi kuwa sabo tun daga nesa zai ɗora ƙafa yana ja a hankali har cikin kwana, fad na manne da faifai tsawon lokaci ba hutu. Sannan na'urar da ke hana mota zamewa ita ma birki take kamawa da kanta, musamman na baya, direba bai ma sani ba. Ni abin ya taɓa faruwa da ni a nan, da zafin garin nan da kuka sani. Ina zuwa ƙarshen miƙaƙƙen layi na taka, feda ta yi laushi ta nutse kusan ƙasa, sai da na saki na sake bugawa da sauri sannan ta ɗan kama, Allah ya taimaka akwai fili a gaban kwanar. Da na fito na tsaya hayaƙi ne ke tashi ta cikin rim ɗin gaba, ga wani wari mai ɗaci da ke shiga maƙogwaro, faifan ya koma shuɗi-shuɗi, robar da ke rufe fistan ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad, ta narke ta tsage. Motar bata da wani lahani, an haɗa ta ne don titi ba don wannan aikin ba.

Abba Lesta: Subhanallah. To wannan fad ne ya ƙare ko me?

Oga Sani Bakanike: Ba fad ba ne yaro na, man birki ne ya tafasa. Abu biyu ne kada ku haɗa. In fad ne ya yi zafi fiye da ƙarfinsa feda tana nan da tauri, kana takawa amma mota bata tsayawa yadda ta saba, wannan yana baka gargaɗi kaɗan-kaɗan. In mai ne ya tafasa tururi ne ya shiga layin, shi kuma tururi matsewa yake, sai feda ta tafi ƙasa fanko. Mu a nan ba sai mun je tirak ba, duk direban da ke sauka Hawan Kibo da kaya yana riƙe da birki maimakon ya sa ƙaramar giya ya san wannan warin.

Injiniya Bashir: Oga Sani ya gama magana. Man birki yana shan ruwa daga iska a hankali. Man birki aji-aji ne, mai lambar DOT 4 sabo mafi ƙarancin inda zai tafasa digiri 230 ne, in ya sha ruwa ya sauko 155. DOT 3 kuwa 205 ne ya sauko 140. Shi yasa yawancin kamfanoni ke cewa a canza duk shekara 2. Abba yaushe rabon da a canza naka?

Abba Lesta: Tunda na saya dai ba a canza ba, mai motar na baya kuma ban ga ya rubuta a littafin sabis ba.

Oga Sani Bakanike: To ka ji. Kai kana maganar motar da ta fito daga kamfani, wannan kuma ta yi shekara 4 a titi. Irin su nake gani kullum a tokumbo, ka buɗe tankin man birki ka tarar ya yi baƙi, mai motar yana ta canza man inji amma wannan ko kallo bai ishe shi ba.

Alh. Kabiru: Ni shawarata kada a yi ta kwana-kwana, ka sayi cikakken set na birki na kamfanin Brembo mai fistan shida da manyan faifai masu huji, ka huta gaba ɗaya. Rai ya fi kuɗi.

Nura Kd: Kun gani ko, abin da nake faɗa kenan. Daga zuwa rana ɗaya an kai shi ga kashe miliyoyi.

Usman Dubai: A'a Alhaji da girmanka, wannan ya yi yawa ga mai farawa. Kuma faifai mai huji a tirak yawanci daga bakin hujin yake fara tsagewa, wanda bashi da huji ko mai layi-layi ya fi juriya. Abin da Abba ke buƙata kaɗan ne, a zubar da tsohon mai gaba ɗaya a sa mai jure zafi irin Motul RBF 600 da yake kai digiri 312 yana sabo, a duba fad in ya ci rabi a canza domin siririn fad ya fi saurin miƙa zafi ga fistan da mai. Fad na tsere zalla kuma bana bashi shawara, da sanyin safiya baya kamawa sosai ga ƙara ga ƙura, kuma da motar zai kai yara makaranta washegari.

Oga Sani Bakanike: Kuma ka kula wajen saye, DOT 5 daban DOT 5.1 daban. DOT 5 na silikon ne ba a haɗa shi da naka, kada mai shago ya miƙo maka ka karɓa.

Nura Kd: Mai na yarda a canza, wannan ko ba tirak ya kamata. Amma fad na kamfani in da sauran kauri ni har yanzu ina ganin zai kai shi yini, in dai zai dinga zagaye huɗu ko biyar ya fito ya huta.

Injiniya Bashir: Da safe zai kai shi. Matsalar bayan azahar ce, lokacin ya saba da filin ya fara jinkirta birki, gudun ya ƙaru sosai shi bai lura ba. Donington akwai dogon layi kafin shiken, wato kwanoni biyu a jere da ke tilasta rage gudu, in kuma sun buɗe babban zagayen ga matsattsiyar kwanar da ake kira Melbourne Hairpin, duk wuraren taka birki ne mai nauyi a jere. Ni dai da fad mai ɗan jure zafi zan je, na riƙe tsohon a but.

Usman Dubai: Kuma ko wanne ka sa, zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali ba tare da taka birki sosai ba don iska ta ratsa. In ka faka kada ka ja hambirki, kada ka bar ƙafa a kan feda, fad zai manne a faifai mai zafi ya bar shaida, daga nan sitiyari ya fara rawa duk sanda ka taka. Ka kuma kira masu inshorarka, yawancin inshorar titi a Ingila bata ɗaukar abin da ya faru a tirak.

Abba Lesta: Mai dai zan kai a canza ranar Asabar insha Allah. Fad ɗin kuma ban gamsu ba tukuna, sai an cire taya na ga kaurinsa da idona. Oga Sani zan turo maka hoto ka duba min, na ciki da na waje.

Oga Sani Bakanike: Turo na cikin musamman, shi ya fi saurin ci kuma shi ne ba a gani ta rim.