Gadon gidan Burgandi bayan rasuwar Charles a 1477

Habibu: Assalamu alaikum. Ina bin salsalar masu sarautar Burgandi ta Faransa, tun daga Filib wanda mahaifinsa Sarki Jean na 2 na Faransa ya ba shi ƙasar a 1363, har zuwa tattaɓa-kunnensa Charles da aka kashe a yaƙin Nancy a 1477. Charles bai bar ɗa namiji ba, sai 'yarsa Marie. Me ya sa ta gaji Flanders (yankin da mafi yawansa ke Beljiyam a yau), amma ita Burgandi, tushen gidan, ta kuɓuce mata?

Malama Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Dalilin shi ne ba ta hanya ɗaya waɗannan ƙasashe suka shigo gidan ba. Flanders da maƙwabciyarta Artois ta hannun mace suka zo, domin Filib ya auri Margaret, magajiyar Flanders, a 1369, saboda haka ba wanda ya isa ya ce mace ba ta gadonsu. Burgandi kuwa Sarki Louis na 11, mai mulkin Faransa a lokacin, ya ce rabo ne da ake yanka wa ƙananan 'ya'yan sarki, wanda ke komawa hannun sarki da zarar maza sun ƙare, kuma nan da nan ya tura sojoji suka mamaye ta.

Dattijo: Malama, hujjar Louis ba ta gamsar da ni ba. Shi kansa Sarki Jean ta dangantakar mahaifiyarsa ya karɓi Burgandi a 1361, lokacin da tsohon gidan sarautar Burgandi ya ƙare da rasuwar mai sarautarsa na ƙarshe, Filib na Rouvres, kuma magoya bayan Marie sun nuna cewa takardar kyautar 1363 ba ta keɓe gadon ga maza ba. A ganina ƙarfi ne ya raba gardamar. Marie yarinya ce mai shekara 19, rundunar mahaifinta ta tarwatse, mutanen Ghent, wani babban birni a Flanders, kuma sun tilasta mata amincewa da tarin haƙƙoƙin biranensu kafin su mara mata baya.

Malama Rabi: Na yarda da batun ƙarfi. Shi ya sa Marie ta auri Maximilian na gidan Habsburg, masu sarautar Ostiriya, a wannan shekarar ta 1477. Ta rasu a 1482 bayan ta faɗo daga doki, ɗanta Filib ya gaje ta, kuma jikanta Charles na 5, sarkin Daular Roma Mai Tsarki, ya yi ta neman Burgandi daga Faransa amma bai samu ba.