Gatarin kakanmu ya yi shuɗi a baki, me zan yi?

Mai tambaya (Aboabo): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, raina a dagule yake. Tun rasuwar kakanmu ɗakinsa a kulle yake, saboda baffanninmu sun kasa daidaitawa kan wanda zai shiga. Ƙaraminsu ya ce shi ya yi jinya, babban ya ce shi ya yi rufin kwano, Gwaggo kuma ta rantse ba za a taɓa komai ba sai ta zo daga Tamale. Ni dai aka ba share ɗakin don ruwa ya fara shiga. A ƙarƙashin gado na tarar da gatura cikin buhun goro, duk tsatsa ta ci su. Dama ina tara tsofaffin kayan ƙarfe da nake saye wurin 'yan kondem, masu sayen tarkacen ƙarafa, matata har ta gaji da magana. Ɗaya daga cikin gaturan babba ne irin na Turawa mai rami, an buga ELW a jikinsa da lamba 4½, sauran haruffan sun goge. Na kai an goga shi da injin giranda, yanzu bakin ya yi shuɗi. Wani kuma ya taya shi sidi 300. Ya lalace ne? In sayar ko in gyara?

Maƙerin Suame: Wa alaikumus salam. Yaro, giranda ta kashe maka ban ruwan bakin, wato taurinsa. Shuɗin nan shaidar ƙarfe ya yi zafi ya saki, ko ka wasa shi, sara kaɗan zai lanƙwashe. ELW kuwa Elwell ne, kamfanin Wednesbury kusa da Birmingham a Ingila, sun yi ta turo gatari da fartanya ƙasashen nan zamanin Turawa. Lambar nan nauyi ce, fam huɗu da rabi, wajen kilo 2. Daga yau kada inji ya sake taɓa shi. Magagari da dutsen wasa da ruwa, shi ke nan.

Mai tambaya: Baba, ai ba a daɗe a kan injin ba, kuma yaron da ya yi aikin shi ke wasa wa mahauta wuƙaƙe kullum. Ina ganin shuɗin a sama ne kawai.

Ɗan Nima: Sauran gaturan ka jiƙa su a vinega kwana ɗaya, ka goge da buroshin waya, ka wanke da ruwan kanwa, ka shanya nan take. Haruffa za su fito. Mu nan Accra tun da aka rushe kasuwar ƙarafa ta Agbogbloshie a 2021 samun irin waɗannan ya zama wahala, mutane sun watse, wasu jarinsu ma ya tafi. Ni wurin da nake sayen tsofaffin guduma ban san inda mai shi ya koma ba har yau.

Maƙerin Suame: Kada ka saurari maganar vinega. Yana cin ƙarfe, ya bar shi fari fat da ƙananan ramuka, mai saye na gani ya san an wanke masa tarihi. Kananzir ka zuba ya kwana, ka kankare da hannu, ka shafa man kaɗanya.

Ɗan Nima: Malam, da girmanka, vinega ne ke nuna layin da aka haɗa ƙarfen baki mai tauri da jikin gatarin. Tsofaffi da yawa haka aka ƙera su. In bai ga layin ba, ta yaya zai san ƙarfe mai kyau nawa ya rage masa?

Hajiya mai goro: Ɗana, ni abin da ya tsaya min shi ne gado. An raba ne? In ba a raba ba, ba naka ba ne balle ka sa masa kuɗi. Haka aka yi mana da tukwanen tagullar mahaifiyarmu, ɗan yayana ya auna wa 'yan kondem a kilo, har gobe ba ma ga-maciji da uwarsa. Je ka sami malami tukuna.

Mai tambaya: Hajiya, ba wanda ya damu da su. Da ban ɗauka ba da tuni an zubar. Kuma ni na biya kuɗin giranda daga aljihuna.

Kafinta a Asawase: Ba ka faɗi yadda sauran suke ba. Masu rami ne, ko irin namu mai tsinin da ake cusawa cikin kan ƙota? In namu ne, aikin maƙeran gida ne, ba za ka ga hatimi ba. Maganar ƙota, kada a yi maka da icen wawa, ba shi da ƙarfi, zai karye a hannunka. Nemi marke busasshe ko gwaiba, jijiyar icen ta bi tsawon ƙotar. Turo hoto mana.

Maƙerin Suame: Hoto ba zai nuna tauri ba. Ɗora magagari a bakin. In ya zame, da sauran rai. In ya ci ƙarfen cikin sauƙi, sai a ci wurin shuɗin a hankali har a iske mai tauri, in ya yi nisa kuma a mayar da shi wuta a sake ban ruwa, wannan kuwa ba aikin yaran yanzu ba ne da walda kawai suka sani. Shekarun baya Magazin, unguwar masu aikin ƙarfe a nan Suame, cike take da masu wannan aikin, yau yaro ya zo koyo wata biyu ya gudu tuƙin pragya, babur mai ƙafa uku. Kawo shi in gani. Sidi 300 kuma kada ka karɓa.

Ɗan Nima: In aka mayar da shi wuta ai hatimin ma zai iya tafiya. Ka rataye shi yadda yake, wa ke sara da gatarin kakansa?

Mai tambaya: Na gode duka. Magagari ba ni da shi, wayata kuma kamarar ta fashe. Mutumin da ya taya ya ce zai dawo ranar Juma'a bayan masallaci, ya ƙara sidi 50. Ni har yanzu gani nake in an ƙara gogawa kaɗan shuɗin zai fita. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Hajiya mai goro: Ka gaya wa baffanninka ko ba ka gaya musu ba?